Tafiya Hutu da Mota a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiya daga Katsina da Daura

Duk lokacin da makarantu suka ba da dogon hutu, ko aka kammala hidimar Sallah, akan sami magidanta a Katsina da Daura da ke shirin kwasar iyali su ƙetara iyaka da motarsu zuwa Maraɗi ko Damagaram, wasu kuma su hau jirgi zuwa Saudiyya, Dubai ko Ingila da niyyar ɗaukar hayar mota su tuƙa kansu a can. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda irin waɗannan matafiya suka fi yawan yi. Ba kasafai rashin iya tuƙi ke jefa direbanmu cikin wahala a ƙasar waje ba. Abin da ya fi kama shi shi ne takardar da ya baro a gida, da kuma sabon da hannunsa ya yi da titunan garinsu.

Shin lasisina na Najeriya ya isa in yi tuƙi da shi a wata ƙasa?

Ya danganta da ƙasar. A Birtaniya, baƙon da ke riƙe da cikakken lasisin ƙasarsa wanda bai ƙare ba yana iya tuƙa ƙaramar mota har tsawon watanni 12 daga ranar da ya shiga. A ƙasashe da yawa kuwa ana so a haɗa lasisin gida da takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Geneva ta 1949 da ta Vienna ta 1968. Ta farkon shekara ɗaya take yi, ta biyun kuma tana iya kaiwa shekaru uku, kuma ba kowace ƙasa ce ke karɓar duka biyun ba. Wannan takarda ba ta tsayawa ita kaɗai, domin aikinta shi ne ta bayyana wa ɗan sandan da bai san lasisinmu ba irin motar da aka yarje wa mai ita ya tuƙa. Duk inda aka nemi ɗaya za a nemi ɗayar.

A nemi takardar tun ana gida ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a kuma yi nesa da shafukan intanet da ke alkawarin turo ta cikin awa guda. Wanda lasisinsa ya kusa ƙarewa ya sabunta shi da wuri, saboda kamfanonin hayar mota kan ƙi karɓar takardar wucin gadi da ake bayarwa kafin katin ya fito.

Zan shiga Nijar da motata. Waɗanne takardu zan tanada?

Mutumin Katsina kan bi ta Jibiya ya fita ta Magama, ya shiga ta Ɗan Isa, kuma daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Na Daura kan bi ta Mai'aduwa zuwa Kongolam, ya faɗa Ɗan Barto, ya wuce Matamaye ya nufi Damagaram, ko kuma ya bi ta Babban Mutum zuwa Magarya. Kusancin nan shi ke ruɗin mutane, har su fito da mota kamar masu zuwa ɗaurin aure Dutsin-Ma, alhali da zarar an wuce shingen ƙarshe an shiga hannun wata gwamnati mai nata dokokin.

Ta fuskar mutane, kowane matafiyi, har da yara, ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, katin kawai zai adana. Ta fuskar mota kuwa, ana buƙatar lasisin motar, da takardar shaidar mallaka, da ta lafiyar mota, da takardun kwastan da aka shigo da ita Najeriya da su, da inshora. Idan sunan da ke takardun ba na direban ba ne, kamar wanda ya ari motar yayansa ko ya sayi mota bai canza suna ba, to ya zo da rubutaccen izini daga mai sunan, domin jami'in iyaka ba shi da hanyar bambance aro da sata sai ta takarda. A duba kuma lambar inji da lambar jikin mota a tabbatar sun dace da abin da aka rubuta, musamman idan an taɓa sauya inji.

A ɓangaren Nijar, jami'an kwastan kan ba da takardar shigar da mota ta ɗan lokaci, wadda direbobin iyaka ke kira lesefase. Tana da wa'adi, kuma ana mayar da ita ranar fita. Wanda zamansa ya zarce wa'adin ya je ofishinsu ya nemi ƙari kafin ranar ta cika, domin bayan ta cika motar ta zama kayan da aka shigar ba bisa ƙa'ida ba.

Sai batun inshora. Inshorar da ake yanka a Najeriya ba ta ƙetara iyaka. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka kafa tsarin kati mai ruwan ƙasa, wanda ke biyan diyyar ɓarnar da baƙon direba ya yi wa wani a ƙasar da ya ziyarta, ban da gyaran motarsa shi kansa. Sai dai Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka mai tafiya ya sa kamfanin inshorarsa ya tabbatar masa cewa katin ya ƙunshi ƙasar da zai je, in bai ƙunsa ba ya yanki inshorar can da zarar ya shiga. Waɗanda suka tuna yadda aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024 sun san cewa al'amuran iyaka kan sauya cikin dare ɗaya, don haka yana da kyau a tambayi direbobin tasha da suka dawo a makon da za a tafi.

Tunda Hausa ake yi a Maraɗi da Damagaram, ai dokokin hanya ɗaya ne da namu?

Harshe ɗaya ne, hannun tuƙi ma ɗaya ne, agogo ma ɗaya ne, amma tsarin hanyar Nijar daga Faransa aka gaje shi. Babban abin lura shi ne ƙa'idar fifikon dama: a mahaɗar da babu alama ko fitilar ba da hannu, motar da ta fito daga hannun damanka ita ce da hanya, ko da titin da ta fito bai kai naka girma ba. Mu a nan mun saba cewa mai babban titi shi ne da gaskiya, kuma wannan sabon ya isa ya sa a ɗora wa mutum laifin haɗarin da yake ganin ba shi ya jawo ba. A shataletale ma a duba alamar da ke bakin shiga kafin a yanke hukuncin wanda zai jira wani.

Akwai shingayen jandarmomi da na 'yan sanda a mashigar garuruwa, akwai kuma wuraren biyan kuɗin hanya. Idan an biya, a adana tikitin a kusa, domin akan nemi a gan shi a gaba. Kuɗin ƙasar sefa ne, kuma lissafin bakin kasuwa da dala ake yin sa, kowace dala sefa 5, don haka idan mai shinge ko mai sayar da abinci ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. A canji kuɗi tun daga Katsina ko Jibiya, a kuma nemi ƙananan takardu, saboda canji kan yi wuya a hanya.

Wane shiri zan yi wa motar kanta?

A kai ta wurin bakanike mako guda ko biyu kafin tafiya, ba jajibiri ba, domin a samu damar yawo da ita a gari a ga ko gyaran ya zauna. Ya duba birki, lagireto, fanbel, batir, fitilu, ya kuma yi juyen baƙin mai. Taya ce aka fi yi wa sakaci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, to an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zanenta raɗau alhali robarta ta tsufa ta fara tsattsagewa, kuma irinta ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu idan mota ta yi nauyi. A duba iskar safaya, a tabbatar jak da sifanar taya suna cikin but, tare da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara, da akwatin agajin gaggawa, da jarkar ruwa. Gara a sha mai a gidan mai duk lokacin da tanki ya kai rabi, da a dogara da na kwalba a bakin hanya.

Ban taɓa tuƙi a hannun hagu ba. Yaya zan yi a Ingila?

Dattawan da suka riƙe sitiyari kafin ranar 2 ga Afrilun 1972 sun yi tuƙin hagu a nan Katsina, domin a ranar ce Najeriya ta koma hannun dama don ta dace da maƙwabtanta, Ghana kuma ta biyo baya a 1974. Har yanzu hagu ake bi a Birtaniya, Indiya, Pakistan, Malesiya, Indonesiya, Kenya, Tanzaniya, Uganda da Afirka ta Kudu. Saudiyya, Daular Larabawa, Masar, Turkiyya, Maroko, Amurka da mafi yawan ƙasashen Turai dama suke bi kamar mu.

A cikin cunkoso ba a cika samun matsala ba, domin mutum yana bin motar da ke gabansa. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da titi ya zama fayau: da sassafe, ko lokacin fitowa daga gidan mai, ko bayan an tsaya sallah an dawo mota, inda hannu kan koma abin da ya saba ba tare da shawartar kai ba. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce, a motar da aka ƙera don ƙasar, kujerar direba kullum tana kusa da tsakiyar titi. Duk lokacin da direba ya ga kansa a gefen bakin titi, to ya hau hannun da ba nasa ba. A shataletale ana shiga ta hagu, ana kewayawa yadda hannun agogo ke tafiya, ana kuma jiran motar da ke tahowa daga dama. Ana shan gaban mota ta dama, kuma kwanar dama ce ke ratsa hannun masu tahowa, saɓanin yadda muka saba.

Shawarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce a ɗauki mota otomatik, ko da ta fi tsada, domin sauya giya da hannun hagu wani ƙarin aiki ne da baƙon direba ba ya buƙata. Kada kuma a karɓi mota a filin jirgi bayan an kwana a sama a faɗa cikin Landan da ita. A huta tukuna, a fara washegari a unguwa mai sauƙin zirga-zirga. Wanda ke zaune kusa da direba ya ɗauki aikin tunatarwa a kowace mahaɗa, direban kuma ya daure ya karɓa ko da daga uwargida ko ɗansa tunatarwar ta fito.

Me ya kamata in sani game da gudu da tara?

Da farko a san ma'aunin. Allunan Birtaniya da Amurka da mil suke, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. A Ingila iyakar gudu ita ce mil 30 a cikin gari, 60 a titi mai hannu biyu da babu shinge a tsakaninsu, 70 a babbar hanya, yankin Wales kuma ya mayar da na cikin gari mil 20 a 2023. A Faransa kilomita 50 ne a gari, 130 a babbar hanya, amma idan ana ruwan sama ya sauko zuwa 110. A wasu manyan hanyoyin Saudiyya an yarda ƙaramar mota ta kai kilomita 140.

Na biyu, a mafi yawan waɗannan ƙasashe kyamara ce ke kama mai laifi, kamar tsarin Saher na Saudiyya, kuma kyamara ba a ce mata ranka ya daɗe a yi haƙuri. Tana ɗaukar gudu, da tsallake jan danja, da rashin ɗaura bel, da riƙe waya. A Birtaniya riƙe waya a hannu yayin tuƙi tarar fam 200 ce, ko da mota na tsaye a danja. Akwai kuma kuɗaɗen da ba a ganin mai karɓarsu: a Dubai ƙofofin Salik kan cire kuɗi da kansu idan an wuce ƙarƙashinsu, a tsakiyar Landan ana biyan kuɗin cunkoso ta intanet, a tsofaffin unguwannin biranen Italiya kuma akwai yankunan da aka hana baƙin motoci shiga. Komawa gida ba ta kuɓutar da mutum, domin hukuma na aika tarar ga kamfanin hayar, shi kuma ya cire daga katin bankin da aka ajiye masa, har da ladan wahalarsa.

Me zan duba kafin in karɓi motar haya?

Yawancin kamfanoni na son direba ya kai shekara 21, wasu kuma kan ƙara kuɗi ga wanda bai kai 25 ba. Suna riƙe kuɗin jingina a katin banki mai sunan direban, kuma da yake katunan naira kan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, a warware wannan da banki tun kafin a tashi. A tambayi adadin da za a ɗora wa mai haya idan mota ta sami rauni, domin inshorar da ke cikin farashin kan bar masa wani kaso mai nauyi. Duk wanda zai karɓi tuƙi a hanya a rubuta sunansa a yarjejeniyar, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba.

Kafin a tayar da mota a kewaye ta da waya ana ɗaukar bidiyo: bamba ta gaba da ta baya, ƙasan ƙofofi, bakin kowane rim, gilashin gaba, rufi, sannan allon da ke nuna yawan mai da kilomita. Duk ƙarcen da aka gani, komai ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin ya rubuta ya sa hannu. A buɗe murfin tanki a karanta irin man da motar ke sha, saboda ƙananan motoci masu shan dizal suna da yawa a Turai, kuma a can direba ne ke zuba wa kansa mai. Idan an karɓe ta tanki cike, a mayar da ita cike, a riƙe rasit.

Ina so in tuƙa iyalina tsakanin Makka da Madina lokacin Umara. Shawara ce mai kyau?

Hanyar tana da faɗi da kyau, kusan kilomita 450, akwai gidajen mai da masallatai a kanta, kuma mai mota yana da damar tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa a bakin Madina ya ɗaura harami a natse, ba tare da direban bas yana danna masa oda ba. Mata ma suna tuƙi a ƙasar tun Yunin 2018. Wahalar tana cikin biranen ne, musamman kewayen Harami, inda akan rufe tituna gab da lokutan sallah, wurin ajiye mota kuma ya yi ƙaranci, balle a goman ƙarshe na Ramadan. A lokacin aikin Hajji ma ana taƙaita shiga Makka ga masu izini kaɗai. Ga wanda ibada ce kaɗai ta kai shi, jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 ya fi sauƙi, yana kuma cin tafiyar cikin kimanin sa'a biyu da rabi. Mota ta fi dacewa da mai son fita Ɗa'ifa ko Badar, ko mai tafiya da tsofaffi da kaya masu yawa. Abin da za a guje wa shi ne kama hanya bayan an gama ɗawafi da sa'ayi cikin dare, domin miƙaƙƙen titi da gajiya su ne ke kawo gyangyaɗi.

Yarana ƙanana ne. Ba za su iya zama a cinyar mahaifiyarsu ba?

A'a. A ƙasashen Turai, Amurka da na Larabawan Gulf, yawan mutanen mota ba ya wuce yawan bel ɗinta, kuma jariri ma mutum ɗaya ne a lissafi. A Birtaniya yaro yana zama a kujerar yara har sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Mai iyali bakwai ya nemi mota mai kujeru bakwai, ya kuma yi odar kujerun yara tun lokacin da yake kama motar.

Tafiyar dare fa, tunda ta fi sanyi?

A hanyoyin iyakarmu da na Nijar ba a ba da shawararta. Halin tsaro a yankin Jibiya sananne ne ga kowa, ga amalanken shanu da na jakuna marasa fitila, ga raƙuma da ke ratsa titi, ga hazon hunturu. A fita bayan gari ya waye, a yi lissafin isa masauki kafin magariba.

Idan jami'i ya tsayar da ni, ko aka yi haɗari, me zan yi?

A tsaya, a gaisa cikin ladabi, a miƙa takardar da aka nema, a kuma riƙe kwafin kowace takarda a wata jaka dabam. Idan an yanke tara a nemi rasit. Miƙa na goro ga ɗan sanda a Turai, Amurka, Saudiyya ko Dubai babban laifi ne da ya fi laifin hanyar da aka tsayar da mutum dominsa. A Amurka ma kada direba ya fito daga mota. Ya zauna, hannayensa a kan sitiyari, har jami'in ya iso.

Idan haɗari ne, a fara da lafiyar mutane, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar kusurwa uku a baya, a ɗauki hoton motocin da lambobinsu kafin a gusar da su. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya da Dubai, 911 a Amurka. A Saudiyya kamfanin Najm ne ke zuwa ya rubuta rahoton haɗarin da ba a ji rauni ba idan akwai inshora. Sulhun bakin titi da muka saba, inda za a ce a je wurin mai gyaran jiki a raba kuɗi, ba ya aiki da motar haya, domin kamfanin hayar kan nemi rahoton hukuma, kuma a sanar da shi a ranar. Kada a sa hannu a takardar da aka rubuta da Faransanci ko Larabci sai an sami wanda ya karanta ya bayyana abin da ta ƙunsa.

Malam, tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ta kai a yi ƙasaru?

A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, kuma tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ta haura haka, ta Daura zuwa Damagaram ma ta haura. Matafiyi yana fara ƙasaru bayan ya fita daga gine-ginen garinsu, idan kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka sai ya koma cika sallah. A ƙasashen Turai ba a tsayawa a kafaɗar babbar hanya sai don lalura ta gaggawa, saboda haka a tsara sallah da wuraren hutawa da aka tanada a kan hanyar, inda akwai ruwa da wurin ajiye mota.